Shekarar da Na Raba Inna da Laujenta

Na san abin da aka gaya muku. Tun kuna ƙanana kuke jin Yakumbonku Asabe tana faɗa a gidan suna da gidan biki cewa uwarku ce ta karya wa kakarku zuciya, ta hana ta abin da ta gada, wai don ta yi boko tana jin kunyar uwa mai yawo da lauje. Ban taɓa tanka mata ba, ku ma ban taɓa zaunar da ku na ce ga yadda aka yi ba. Yanzu Inna ta daɗe da rasuwa, matan da abin ya shafa yawancinsu sun bi ta, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini gardama. To ku saurara, don ba zan maimaita ba.

A Kademi babu mai kiran kakarku da sunanta na yanka, sai Inna Mai Lalle. Bayan gidanmu akwai garkar lalle da ta gada daga tata uwar, itatuwa ne da suka girme ni, sun yi duhu har akuya tana shiga ta ɓace. Amma ba garkar ce ta ba ta suna ba, hannunta ne. A wajenmu akwai wata al'ada da ban gan ta a wani wuri ba: idan damina ta zauna lalle ya yi ganye, mace ba ta sa lauje a nata sai Inna ta zo ta buɗe. Za ta yi sammako ta fara yanka a garkarta, sannan ta rataya laujen ta kama hanya. Duk garkar da ta shiga sai ta nufi kusurwar gabas, ta yi bisimilla, ta yanki damƙi guda ta miƙa wa mai lallen, ta ce Allah ya sa albarka. Shi ke nan. A ba ta goro, a ba ta fura, ta wuce gaba. Haka take bi gida-gida, daga Kademi zuwa wajen Balan, har ƙauyukan Ajingi inda Yaya Asabe take aure. Mata sun yarda lallen da Inna ta buɗe ya fi kama hannu. Ni ko da na yi karatun aikin gona ban taɓa musa wannan ba, don babu wanda yake cutarwa, kuma in kun ga fuskar Inna a waɗannan makonni za ku ce amarya ce.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta bayan rasuwar mahaifinku. Ina zaune da ku a Gaya, ina aiki a sashen noma na ƙaramar hukuma, ni ce malamar gona ta mata. Gidan ya yi mini faɗi. Da can in na dawo daga ƙauye akwai wanda zan zauna in zazzage wa abin da na gani, ya yi ta tsokanata yana cewa na fi son tsiro a kan mutane. Bayan shi kuwa sai in dawo in dafa muku tuwo, ku ci ku fita wasa, in zauna da maganata a ciki.

Ana cikin damina wata mata mai suna Tabawa, daga wajen Balan, ta shigo ofis da reshen lalle a ƙunshe cikin mayafi. Bazawara ce, da lallen nan take ciyar da marayunta. Ta ajiye mini a kan tebur ta ce:

"Malama, duba mini. Daga sama yake mutuwa, kamar ana shan jininsa."

Na duba. Kan reshen ya bushe ƙayau, ganyen ya koma ruwan ƙasa amma bai zube ba, yana nan a maƙale, ƙasan reshen kuwa ɗanye shar. Na sa reza na tsaga shi biyu, sai ga wani baƙin zane a cikin itacen ya bi tsawonsa, ya ma wuce inda bushewar ta tsaya a waje. Tun nan gabana ya faɗi, don na san abin da ke ciki ya riga abin da ido ke gani nisa. Kafin wata ya ƙare koke ya zo daga ko'ina. Wasu suka ce gara ce, muka tona gindi ba gara. Wasu suka ce ƙishirwa, alhali ruwan bana har ya so ya yi yawa. Maza a ofis kuwa ko a jikinsu, tunda ba gero ba ne ba gyaɗa ba. Shugabanmu ya ce mini, yana dariya, in ƙyale kayan kwalliyar mata in kama aikin taki. Na ce masa kayan kwalliyar nan shi ke saya wa rabin yaran ƙauye sabulu da littafi, na ɗauki jakata na fita.

Ina da ƙawa tun makarantar koyon aikin gona, Hadiza, tana aiki a ɗakin bincike na wata jami'a a Kano. Na tattara rassa daga garake daban-daban, kowanne a ledarsa, na shiga mota na kai mata. Tare muka yi aikin, don hannuna bai manta ba. Ba mataccen wuri ake ɗauka ba, can kowace irin ƙazanta ta riga ta sauka. Daidai iyakar da baƙi ya haɗu da fari ake yanko ɗan mitsitsi, nan ne mai laifin yake cin abincinsa. A wanke shi a ruwan bilic, maganin nan na wankin fararen kaya, a ɗauraye, a ɗora a faranti mai murfi a kan wani abinci da ake dafawa da dankalin Turawa da sukari. Na koma Gaya na jira. Da ta kira ni na dawo, sai na tarar farantan sun cika da fumfuna, fara kamar auduga da farko, tsofaffin kuma sun rine sun zama toka-toka zuwa baƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk iri ɗaya ce, ta Kademi da ta Balan da ta Ajingi. Hadiza ta saita mini madubin da ke ƙara girman abu, na leƙa na ga ƙwayoyin irinta, masu siffar ƙwai, waɗanda suka nuna sun yi duhu da layi guda a tsakiya. Ta faɗi sunanta na Latin, mai tsawon da ba zan wahalar da ku da shi ba, sannan ta ce:

"Rakiya, wannan ba ta fasa ƙofa. Sai ta samu rauni take shiga. Iska da feshin ruwan sama suna ɗan kai ta kusa-kusa, amma daga gari zuwa gari haka da sauri, sai dai in ɗaukarta ake yi. Ki je ki nemo mai ɗaukarta."

Na dawo na shiga bin garake ni kaɗai, ɗan acaɓa ya sauke ni a bakin hanya in ƙarasa da ƙafa. Ina tambayar kowace mace ta nuna mini itacen da ya fara. Ta farko ta kai ni kusurwar gabas. Ta biyu ma haka. Na ce wa kaina ai daga gabas hadari yake tasowa, ruwa ne ke bugun wajen. Na riƙe wannan dalili kamar mai riƙe da zani a kasuwa. Amma a kowace kusurwa, in na bi mataccen reshen zuwa sama, sai in tarar da tsohon yanka a karkace, irin na mai yanka da hagu. Inna bahaguwa ce. Akwai kuma wata garka a bayan Kademi ta wata baƙuwa da aure ya kawo daga Hadejia, wadda ba ta san al'adar ba, ba ta kira kowa ya buɗe mata ba. Nata lallen ko ganye ɗaya bai yi yaushi ba. Na tsaya a cikinsa na rasa abin da ke mini daɗi.

Duk da haka ban yarda ba sai da na gwada. Ina da 'yan itatuwan lalle da na shuka daga iri a tsofaffin bokitai a bayan ɗakina, lafiyarsu lau. Ran da Inna ta biyo ta Gaya za ta Ajingi, ta tsaya a gidana ta yi azahar, sai na zare laujen daga inda ta rataye shi na zagaya. Rabin bokitan na yanke su da shi, rabin da sabuwar reza. Na mayar da laujen kafin ta sallame. Bayan 'yan makonni waɗanda lauje ya taɓa suka fara bushewa daga sama. Na tsaga, ga baƙin zanen. Na aika wa Hadiza, ta tsirar, fumfunar nan ce dai. Na je garkarmu ta Kademi na kutsa can ciki inda ba a shiga, na tarar tsofaffin itatuwan kakata sun daɗe da ciwon, girmansu ne ya rufa musu asiri. Kullum da safe Inna a nan take shafo shi, ta kai wa mutane da bisimilla.

A makon ne na koma wajen Tabawa. Garkarta saura kaɗan. Ta ja ni gefe, ta rage murya ta ce:

"Malama, ke dai kina ta yawo da leda, amma mu mun gane. Wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne. Hannu ne. Akwai mai mugun hannu a cikinmu, kuma mun fara lissafa wa da wa suke shiga garakenmu. Ranar da muka kama ta, garin nan ya yi mata kaɗan."

Ku da kuka tashi a cikin gari ba ku san nauyin wannan maganar ba. Tsohuwar da aka ce abin da ta taɓa yana mutuwa, sunanta mayya, ba wani suna. Ba a cin abincinta, ana janye yara in ta doso, kuma ana cewa a nono ake sha, don haka 'ya'yanta mata da jikokinta duk sun shiga. Na taɓa ganin an yi wa wata haka ina yarinya, ta ƙare rayuwarta a bukka a bayan gari. Matan nan ba su sa Inna a lissafi ba don ba su ɗauke ta mai shiga ba, kamar yadda mutum ba ya lissafa kansa in yana ƙirga mutanen ɗaki. Amma rana ɗaya ta ishi wata ta ce, af, wa ma ke fara taɓawa? Kuma da ni da bakina na ce lauje ne ba hannu ba, babu mai tsayawa ya raba lauje da hannun da ke riƙe da shi.

Na fara gwada hanya mai sauƙi. Na je Kademi na sami Inna tana tankaɗe, na ce ofis ya ce a riƙa tsoma lauje a ruwan magani kafin a shiga kowace garka. Ta ɗago ta dube ni ta ce:

"Auta, laujen uwata ne zan tsoma a ruwan wankin masai a gaban mutane? Me ya taka? Ko hannuna ne ya yi dauɗa ban sani ba?"

Na ce a'a, Inna. Daga nan na kasa gaba. Kuna iya cewa me ya hana in gaya mata ita kaɗai. Ba ku san kakarku ba. Matar da in ta taka wa maƙwabciya shanyar kuka take kwana ba ta runtsa ba sai ta nemi gafara. Da ta ji, wallahi washegari za ta ɗauki mayafi ta bi gida-gida tana cewa ku yafe mini, ni ce na kashe muku lalle. Da bakinta za ta miƙa musu wuƙar. Yaya Asabe kuwa maganar da ta shiga kunnenta da hantsi, kafin la'asar ta kai kasuwar Ajingi. Na duba gabas na duba yamma, ban ga wanda zan raba wannan kaya da shi ba.

Sai na roƙi mai unguwar Kademi ya tara mini mata a filin makarantar firamare. Suka zo da yawa, har daga Balan. Inna tana gaba a kan tabarma, an ba ta wuri mai inuwa kamar kullum. Na nuna musu tsagaggen reshe, na zagaya da farantin fumfuna suka leƙa suna toshe hanci. Na ce ciwo ne irin na tsiro, kamar yadda burtuntuna ke kama dawa, ba hannun kowa ba ne, iska da ruwa ne suke yawo da shi. Rabin gaskiya ke nan, kuma na faɗe ta da ƙarfi don ta rufe ɗaya rabin. Na ce duk reshen da ya kamu a yanke shi can ƙasa da inda baƙin ya tsaya, a ƙone, kada a jingine shi a jikin darni. Kada a yi yanka ana yayyafi. A riƙa wanke lauje. Sannan na ce doka ce daga ofis, daga yau kowace mace laujenta a garkarta, ba a shiga da na wani, ko na wane ne.

Dokar nan mutum ɗaya ta shafa a duk ƙasar, kuma kowa ya sani. Tabawa ce ta fara magana:

"Har da Inna, Malama?"

"Har da kowa," na ce.

"Uwarki ce fa."

"Na sani. Doka ba ta san uwa ba."

Ban kalli Inna ba, amma na ji lokacin da ta miƙe. Ta naɗe tabarmarta da kanta, ta hana a karɓar mata. Da ta zo daidai ni sai ta ce, ba da ƙarfi ba:

"Allah ya ƙara girma, Malama."

Ba ta taɓa kirana Malama ba sai ran nan. Na gwammace ta mare ni.

Saura garkarmu. Ita ba ta yankuwa, sai tumɓukewa. Na ɗauko 'yan ƙwadago daga Gaya, don a Kademi babu namijin da ya yarda ya sa gatari a lallen Inna. Muka sare, muka tono saiwa, muka tara muka cinna wuta. Inna tana ɗaki ta saki labule. Hayaƙin ya bi gari da ƙamshin lalle, mata suka tsaya a bakin darni suna salati kamar ana fitar da gawa. Kafin kaka Yaya Asabe ta zo da a-daidaita-sahu ta kwashe Inna da kayanta zuwa Ajingi. Ta tsaya a ƙofar gida ta faɗa mini maganganun da har yau take maimaitawa, na tsaya na shanye.

Maganar mugun hannu kuwa ta mutu murus. Mutane sun sami wanda za su tsana, kuma ni ba mayya aka ce mini ba, 'yar boko mara kunya aka ce, wannan kuwa ana rayuwa da shi. Damina ta zagayo ciwon ya ja baya, wadda ta biyo ta kuma sai ɗaiɗai. Garkar Tabawa ta sake tohowa daga kututture. Aka ce addu'ar da aka yi ce Allah ya karɓa, na ce haka ne, don ni ma na yi addu'ar. Amma aka daina aiko mini goron biki daga Kademi. In na shiga gida aikin ofis, a amsa sallama a shimfiɗa mini tabarma, hira ta tsaya har sai na fita. Ke Zainab, kin sha tambayata dalilin da ya sa ranar sa lallenki tsakar gidanmu ta kasance fayau, dangin uwa ba kowa, har muka sayo garin lalle a kasuwa kamar marasa asali. Na ce miki nisa ne. Daga Kademi zuwa Gaya wane nisa? Na shiga bayi ne na yi kukana na wanke fuska na fito na ci gaba da raba alkaki.

Ina zuwa Ajingi gaida Inna duk wata. Ba ta taɓa korata ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba. Mu gaisa, ta tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya, ta sa a kawo mini ruwa, shi ke nan sai ta juya ga carbinta. Uwata tana nan da rai, tana amsa gaisuwata, amma na zama marainiya shekara da shekaru. Sau da yawa a kan hanyar dawowa nakan ce wata mai zuwa zan faɗa mata, yanzu ai ƙura ta lafa. In na je na ga yadda matan Ajingi suke kawo mata jarirai ta shafa musu kai, sai in haɗiye.

A ciwonta na ƙarshe na je na yi kwanaki. Wata rana bayan la'asar Yaya Asabe ta fita karɓo magani, ya rage daga ni sai ita. Ta rame ƙwarai. Ina yi mata fifita sai ta zaro hannunta na hagu daga cikin zani, ta ɗaga shi tana juyawa tana kallo, kamar ba nata ba. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce:

"Auta."

Rabona da jin sunan nan a bakinta tun filin makaranta. Na ce na'am, Inna.

"Na yi ta tunani a kwancen nan. Ke ba mara kunya ba ce, ni na haife ki. Ki gaya mini tsakaninki da Allah. Hannun nan bai taɓa kashe wa kowa komai ba, ko?"

Ta kafe ni da ido. Na ga tana jira, na kuma ga tana tsoro. Na kama hannun na riƙe shi a cikin nawa biyu, na ce:

"Hannunki albarka ne, Inna. Bai taɓa ba."

Ta sauke numfashi, ta lumshe ido. Can ta ce, a hankali:

"To ashe dai kunyata kika ji."

Amsa biyu ce kawai a duniya, kuma na riga na ba ta ɗaya. Na ci gaba da fifita har Yaya Asabe ta dawo. Inna ta rasu a makon, ba mu sake zama mu biyu ba.